Yarjejeniyar Ramsar da Ruwan Kano: Nazari a Kan Shigar Nijeriya Cikin Yarjejeniyoyin Kare Dausayi

1.0 Gabatarwa

An ƙulla Yarjejeniyar Kare Dausayi a garin Ramsar na ƙasar Iran ranar 2 ga Fabrairu, 1971, ta kuma fara aiki a watan Disamba na 1975. Jamhuriyar Nijar ta shige ta a 1987. Nijeriya kuwa sai da ta yi shekara talatin kafin yarjejeniyar ta hau kanta, ranar 2 ga Fabrairu, 2001, bayan ta gabatar da Tafkin Nguru da mashigin ruwan Marma a matsayin wurinta na farko a cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya. A 2008 aka ƙara wurare goma, adadin ya kai goma sha ɗaya. A cikinsu akwai Baturiya a Jihar Jigawa, da Dagona a Jihar Yobe, da Maladumba a Jihar Bauchi, da ɓangaren Nijeriya na Tafkin Chadi.

Manufar wannan takarda ita ce auna wannan shiga ta Nijeriya daga birnin Kano. Babu wani wuri a cikin ganuwar Kano da ke cikin jerin Ramsar, amma dalilai biyu sun sa birnin ya cancanci zama ma'auni. Na farko, ruwan da ke raya Baturiya da Nguru daga ƙasar Kano yake gangarowa, a can ne kuma ake tare shi, ake raba shi. Na biyu, kogin Jakara da kududdufan cikin birni sun shiga ma'anar dausayi kamar yadda yarjejeniyar ta fayyace, duk da cewa tsarin birni bai taɓa kallon su da wannan ido ba. Hujjar da takardar ke kafawa ita ce: alƙawarin da Gwamnatin Tarayya ta ɗauka ya fi yawan wuraren da ta yi wa rajista faɗi, kuma ikon cika mafi yawansa yana hannun jihohi, waɗanda ba su ne suka sa hannu ba.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Ra'ayi mafi daɗewa game da ruwan cikin Kano shi ne na matafiya da jami'an lafiya. Hugh Clapperton, wanda ya iso Kano a 1824, ya bayyana wata babbar fadama da ta kusa raba birnin biyu, da kuma ramukan ruwa masu yawa da suka samu sakamakon haƙar ƙasar gini, ya kuma ɗora musu alhakin rashin lafiyar da ya gani. Heinrich Barth ma, a 1851, ya yi maganar Jakara da irin wannan ƙyama. Jami'an lafiya na zamanin mulkin mallaka sun gaji wannan kallo, suka ɗauki kududdufi a matsayin matattarar sauro da ya kamata a cike. Ra'ayin bai gushe ba har yau.

Ra'ayi na biyu na injiniyoyin shekarun 1970 ne, waɗanda suka ɗauki ruwan da ke malala cikin fadama ya ƙafe a matsayin asara, suka ga ya fi kyau a tare shi a madatsa a yi noman rani da shi. Littafin da G. E. Hollis da W. M. Adams da M. Aminu-Kano suka shirya a 1993 game da dausayin Haɗejia da Nguru ya ƙalubalanci wannan fahimta. Ya nuna cewa ambaliyar damina ita ce ginshiƙin noman shinkafa da su da kiwo da itacen girki, ita ce kuma ke sake cika ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiyoyin yankin ke sha. E. B. Barbier da abokan aikinsa sun ƙiyasta darajar waɗannan amfanoni, suka gano cewa kowane ma'aunin ruwa ya fi kawo riba idan ya isa fadama fiye da idan aka karkatar da shi zuwa Shirin Noman Rani na Kogin Kano. Sakatariyar Ramsar ta saka wannan bincike a cikin jagoran ƙiyasta darajar dausayi da ta buga a 1997, wato tun Nijeriya ba ta zama mamba ba.

Rukuni na uku ya dubi noman lambu a cikin birni da kewayensa. K. Lynch da T. Binns da E. Olofin (2001) sun yi nazarin barazanar da gine-gine ke yi wa filayen masu lambu a Kano, Binns da R. Maconachie da A. I. Tanko (2003) kuma suka dubi gurɓatar ruwan da ake ban ruwa da shi. Waɗannan rukunoni uku kowanne ya tsaya a fagensa: masu nazarin Nguru ba su shiga cikin ganuwa ba, masu nazarin birni kuma ba su ɗauki Ramsar a matsayin ma'auni ba. Wannan giɓi ne takardar ke son shiga.

3.0 Hanyar Gudanar da Bincike

An bi hanyar nazarin takardu. An karanta nassin yarjejeniyar da ƙudurorin tarukan ƙasashe mambobi da suka shafi dausayin birane, aka gwada su da Kundin Tsarin Mulki na 1999 da dokokin ƙasa da na ruwa da na muhalli. Wajen jera bayani an bi hanyar ruwan kansa, daga madatsun kudancin Kano zuwa fadamun Jigawa da Yobe, sannan aka dawo cikin ganuwa. Dausayoyin kudancin Nijeriya, irin su Tafkin Oguta da dazuzzukan Apoi, suna wajen farfajiyar wannan nazari.

4.0 Nazari

4.1 Abin da Nijeriya ta ɗauki alƙawarinsa

Sashe na 1 na yarjejeniyar ya ba dausayi ma'ana mai faɗi. Ya haɗa da fadama da duk wani wuri mai ruwa, na halitta ne ko ɗan Adam ne ya yi shi, na dindindin ko na wani lokaci, mai gudu ko kwantacce, mai daɗi ko mai gishiri, har da gaɓar teku da zurfinta bai wuce mita shida ba idan ruwa ya janye. Bisa wannan ma'ana, madatsar Tiga dausayi ce, gonar shinkafa ta Kura dausayi ce, haka ma ramin da aka haƙa don buga tubali idan ruwa ya zauna a cikinsa.

Wajibai uku ne suka hau kan kowace ƙasa mamba. Sashe na 2 ya nemi ta gabatar da aƙalla wuri ɗaya ga jerin duniya. Sashe na 3 ya nemi ta tsara shirye-shiryenta ta yadda za a kare wuraren da ke cikin jerin, a kuma ci moriyar dukkan dausayoyin ƙasarta bisa hikima gwargwadon iko, ta kuma sanar da sakatariya idan ɗabi'ar muhallin wani wuri mai rajista ta sauya ko tana shirin sauyawa saboda aikin ɗan Adam. Sashe na 5 ya wajabta tuntuɓar juna a kan ruwan da ƙasashe suka yi tarayya a kansa. Wajibi na farko ya fi sauƙin cikawa da sauƙin nunawa a rahoto, shi ya sa ya fi jan hankalin hukumomi. Na biyu shi ne mai nauyi, domin bai bar kududdufi ko ɗaya a waje ba.

Ramsar ba ita kaɗai ba ce. Nijeriya na cikin ƙasashe huɗu da suka kafa Hukumar Tafkin Chadi a 1964, tare da Nijar da Chadi da Kamaru. A 1990 ta ƙulla Yarjejeniyar Maiduguri da Nijar kan rabon ruwan kogunan da suka ratsa iyakarsu, ciki har da Komadugu Yobe da Gulbin Maradi. Ta amince da Yarjejeniyar Kare Bambancin Halittu a 1994, ta kuma shiga yarjejeniyar kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya a 2004. A 2020 hukumar UNESCO ta ayyana yankin Haɗejia da Nguru da Bade a matsayin keɓantaccen yankin halittu. Ta fuskar sa hannu, ƙasar ba ta da gaira.

4.2 Tazara tsakanin yarjejeniya da dokar gida

Sashe na 12 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce babu yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da ke da ƙarfin doka a Nijeriya sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Don haka mazaunin unguwar da ake cike kududdufinta ba zai iya zuwa kotu ya kafa hujja da nassin Ramsar kai tsaye ba. Sashe na 20 ya ɗora wa gwamnati kare muhalli da ruwa da ƙasa, amma yana cikin Babi na Biyu, wanda sashe na 6(6)(c) ya cire daga hurumin kotuna. Abin da ya rage shi ne dokokin da ke ƙasa da kundin: dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992, da dokar albarkatun ruwa ta 1993, da dokar da ta kafa hukumar tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli ta NESREA a 2007, da ƙa'idojin kare dausayi da gaɓar koguna da tafkuna na 2009.

Babbar matsalar tana cikin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba shi ikon bayar da takardar mallaka a cikin birane. Ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya yana ƙarƙashin Tarayya, ƙasar da ruwan ke kwance a kanta kuma tana ƙarƙashin jiha. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke wakiltar Nijeriya a tarukan Ramsar. Hukumar Raya Kogunan Haɗejia da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke buɗe ƙofofin madatsu, kuma tana ƙarƙashin wata ma'aikata daban, ta albarkatun ruwa. Ma'aikatar filaye ta jiha da hukumar tsara birane ta KNUPDA su ke da ta cewa idan ana son mayar da kududdufi fuloti. Wanda ya ɗauki alƙawari daban, mai riƙe da mabuɗin ruwa daban, mai yanka fili daban, kuma babu dokar da ta tilasta wa na biyu da na uku su tuntuɓi na farko kafin su yanke shawara ta yau da kullum.

4.3 Kano a matsayin mafarin ruwan Baturiya da Nguru

Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa kudu da birni, su zama Kogin Haɗejia, wanda ke bi ta Wudil ya shiga Jigawa. An kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala ta Challawa a 1992. Ana ƙiyasta cewa madatsun biyu suna sarrafa kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan Kogin Haɗejia. Daga Tiga ake ba gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam ruwa, daga kogunan kuma matatun Tamburawa da Challawa ke ɗibar ruwan famfon birni. Amfanin waɗannan ayyuka a bayyane yake ga duk wanda ya san shinkafa da tumatirin da ke fitowa daga yankin Kura, kuma duk nazarin da ya yi watsi da shi bai yi adalci ba.

Farashin ya faɗa wa na ƙasan kogi. Binciken Hollis da Barbier ya nuna cewa faɗin filin da ambaliya ke rufewa ya sauko daga hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960 da 1970, ya koma tsakanin hekta 70,000 da 100,000 daga baya. Farin shekarun 1970 da 1980 yana da nasa kaso a wannan raguwa, madatsu ma suna da nasu. Sauyin lokacin zuwan ruwa ya yi ɓarnar da ta kai ta raguwarsa. A da, kogi yakan cika ya tumbatsa a Agusta da Satumba, ya janye da kaka, ya bushe da rani. Manomi ya san lokacin shukar shinkafa, ya san lokacin bin danshi da wake ko alkama, makiyayi kuma ya san lokacin shigowa da garke. Da aka fara sako ruwa daga madatsu da rani, mashigan ruwa suka daina bushewa, ciyawar kachalla ta samu wurin zama. Saiwoyinta suna kama laka, lakar ta toshe hanya, ruwa ya karkata. Da haka mashigin Marma ya riƙa ɗaukar ruwa fiye da ƙima yana cinye gonakin ɓangaren Nguru, yayin da mashigin Burum Gana da tsohuwar hanyar Kogin Haɗejia suka ƙafe. Kachallar kuma ta zama maɓoyar tsuntsaye jan baki masu cinye hatsi, ta hana masunta jefa taru.

Wannan shi ne ainihin abin da Sashe na 3 ya kira sauyin ɗabi'ar muhalli, kuma musabbabinsa yana da nisan ɗaruruwan kilomita daga iyakar da aka shata wa wurin mai rajista. Shirin Kare Dausayin Haɗejia da Nguru, wanda aka fara a 1987 da hannun ƙungiyar IUCN da Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya, ya daɗe yana ba da shawarar a riƙa sako ruwa mai yawa da damina don kwaikwayon ambaliyar asali. A 2006 gwamnonin jihohi shida, Kano da Jigawa da Yobe da Borno da Bauchi da Filato, suka amince a Damaturu da kafa asusun amana na kula da kwarin waɗannan koguna. Wannan asusu shi ne tsari mafi kusa da abin da Ramsar ke nufi da kula da kogi tun daga mafarinsa, domin ya zaunar da masu riƙe da ƙasa a teburi ɗaya. Batun madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are, wadda aka fara ba a gama ba, yana nan yana jiran irin wannan zama, domin Jama'are ne ya rage yana kawo ambaliya ta halitta.

4.4 Jakara da kududdufan cikin ganuwa

Tarihin Kano da H. R. Palmer ya fassara a 1908 ya ambaci kurmin Jakara a matsayin wuri mai alfarma ga mutanen Dala tun kafin zuwan Bagauda, wurin da ba a sare itacensa. A gefen wannan ruwa aka kafa Kasuwar Kurmi a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Kududdufai kuwa aikin hannu ne. Ganuwar da aka fara a zamanin Sarki Gijimasu, da gidaje da masallatai da soraye, duk da ƙasar da aka haƙa a kusa aka gina su. Magini ya haƙi jar ƙasa, ya kwaɓa, ya mulmula tubali ya shanya, ramin da ya bari kuma ya jira damina. Kowace unguwa ta samu nata, kwatocin gidaje suka nufe shi. Ta haka birnin ya samu tsarin magudanar ruwa ba tare da an zana shi a takarda ba: ruwan sama ya taru a ramuka, wani ya nutse ya ciyar da rijiyoyi, rarar ta gangara Jakara, Jakara ta fita arewa maso gabas, ta haɗu da rafin Getsi, ta zuba a madatsar Wasai da ke Minjibir.

Cike kududdufi yana da matakai da mazauna birni suka sani. Da farko ana zuba shara a bakinsa, ruwa ya yi baƙi, ya fara wari. Sai maƙwabta su fara kokawa da sauro da tsargiya da faɗawar yara, kuma kokensu gaskiya ne. Daga nan tifa ta fara kawo ɓaraguzai, gefe ɗaya ya taurare, a kafa turaku, a zuba harsashi, shaguna su tashi. Wanda ya bi titin da ya tashi daga wajen Ƙofar Ɗan'agundi da Ƙofar Na'isa ya nufi tsohuwar harabar Jami'ar Bayero zai ga gine-gine a wuraren da a da ruwa ne kwance a gindin ganuwa. Ita kanta Jakara an zuba mata kankare, aka kuma ɗauki aikin shimfiɗa titi a kanta, wanda aka fi sani da Wuju-Wuju. Ruwan saman da ramin ke riƙewa bai daina sauka ba. Yana bin kwata da gudu, ya tarar ta toshe da leda, ya shiga zaure ko ya jiƙa gindin katangar ƙasa har ta zube. Ambaliyar da ta shiga Kasuwar Kantin Kwari a daminar 2022 ta nuna abin da ke faruwa idan gini ya hau hanyar ruwa.

Babu wani kududdufi a Kano da zai cika sharuɗɗan shiga jerin duniya irin na ɗaukar tsuntsayen ruwa 20,000 a kai a kai, kuma neman yi masa rajista ɓata lokaci ne. Matsayinsa yana ƙarƙashin wajibin cin moriya bisa hikima. Taron ƙasashe mambobi na 2012 a Bukares ya zartar da ƙa'idojin tsara dausayin birane da kewayensu. Taron 2015 a Yurugwai ya ƙirƙiro shaidar Birnin Dausayi, wadda Kigali da Kef Tawun suka samu a 2022. Taron 2018 a Dubai ya zartar da ƙuduri na musamman kan ƙananan dausayoyi, ya nemi ƙasashe su ƙididdige su su saka su cikin tsare-tsarensu. Waɗannan ƙudurori sun shafi Nijeriya a matsayinta na mamba, kuma ramukan Kano suna cikin irin wuraren da aka yi su dominsu.

4.5 Hanyoyin da dokokin yanzu suka buɗe

Gyara ba ya buƙatar jiran sabuwar yarjejeniya. Dokar 1978 da ta ba gwamna ikon bayar da fili ita ce kuma ta ba shi, a sashe na 28, ikon soke mallaka saboda maslahar jama'a, haka nan yana da ikon ƙin bayarwa tun farko. Gwamnatin jiha na iya sa a auna kududdufan da suka rage, a zana iyakokinsu, a buga su a jaridar gwamnati a matsayin matattarar ruwan sama da ba a yanka fuloti a cikinta. Masu unguwanni da hakiman cikin birni sun san sunan kowane rami da inda kwatocinsa suka fito, don haka ƙidayar za ta fi inganci idan da su aka yi ta. Al'adar hurumi, wato keɓe fili don amfanin kowa, sananniya ce a ƙasar Hausa da fiƙihun Malikiyya, kuma za ta fi saurin samun karɓuwa a zaure da masallaci fiye da sunan wani gari na Iran.

Keɓewa kaɗai ba ta isa ba, domin ramin da aka bari da shara da najasa shi da kansa yake kiran tifa. Sai an raba hanyar ruwan sama da ta bayan gida, an yashe laka kafin damina, an kewaye wurare masu zurfi saboda yara, sannan mazauna unguwa za su ga dalilin barinsa. Akwai kuma mahaɗa da batun kayan tarihi. An saka ganuwar Kano da wuraren da ke tattare da ita a jerin wucin gadi na UNESCO a 2007, ramukan da ke gindinta kuma su ne mahaƙar da ta fito daga ciki, saboda haka duk shirin kare ganuwa da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa za ta yi ya kamata ya shata iyakarsa har da su. A ɓangaren kogi, abin da ake buƙata shi ne jadawalin sakin ruwa daga Tiga da Challawa wanda jihohin shida suka amince da shi a rubuce, ake sanar da shi ga manoman Kura da masuntan Nguru kafin faɗuwar damina, Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya kuma ta riƙa saka adadin ruwan da aka saki kowace shekara a cikin rahoton da take miƙa wa taron ƙasashe mambobi.